Randunan da Na Fasa a Ƙofar Gidanmu

Ubana bai taɓa hana ni taɓa yumɓu ba. Da ma ya hana ni, da na san da wa nake faɗa. Shi dai ya yi kamar bai san abin da nake yi ba, wannan kuwa ya fi hani ciwo. In baƙo ya zo zaurenmu a Filinge ya tambayi labarin yara, sai Baba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, wannan yana gona, wannan yana da shago a Yamai, in ya zo kaina ya ce, "Waccan madan ta, a kolej." Nan zai tsaya. Bai yi ƙarya ba, ina koyarwa. Amma ni da shi duk mun san rabin maganar da ya haɗiye. Ni maginiya ce. Tukwane nake ginawa, da randuna, da wasu abubuwan da har yanzu ba su sami suna a garinmu ba. Shekara da shekaru abu ɗaya na nema a gidan nan, aikin hannuna ya shiga ta ƙofar zaure, da rana, mutane na gani.

Wanda ba ɗan ƙasar Kurfai ba zai ce ina abin wahala a nan. A wurinmu kowace sana'a da gidanta. Mu manoma ne, masu bugun ƙirji da kakannin da aka ce sun riƙe mashi, ko da yake ni ban taɓa ganin mashin ba, hauya kawai na gani. Ginin tukwane na waɗansu gidaje ne da ke gefen gari. Mu sayi tulunsu, mu sha ruwan sanyi daga randarsu, mu soya waina a kaskonsu, amma ba ma aurensu, ba ma kuma zama mu miƙe ƙafa a kan tabarmar aikinsu. Wanda ya fi kowa tsare wannan iyaka shi ne Baffa, ƙanen ubana, mutum dogo mai son a ji muryarsa tun daga bakin titi. Baba shiru ne makaminsa. Baffa kuwa duk abin da Baba ya haɗiye shi yake amayar da shi.

Laifin Inna ne, in laifi ne. Ita ta aike ni sayen kasko ina 'yar firamare. Na tarar da wata tsohuwa, Bazabarma da aure ya kawo daga wajen Damana, zaune a kan tabarma, ta sa curin yumɓu a wani ɗan rami da ke ƙarƙashin tabarmar, tana bugunsa da dunƙulen gasasshiyar ƙasa tana juya shi da hannun hagu. Ina tsaye curin nan ya buɗe baki, ya yi ciki, ya zama tulu, saƙar tabarmar ta fito a jikinsa. Na manta da kaskon. Da na dawo gida na sha faɗa, washegari kuma na koma. Tsohuwar ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini maraba ba. Ta ba ni tsingaro, wato fasassun tukwane, ta ce in daka su su yi laushi, da garinsu ake haɗa sabon yumɓu don kada ya tsage a wuta. Na daɗe ina dakan nan kafin ta bar ni in taɓa curi. Da ta bar ni, abin da na fara ginawa ya fito a karkace, ta dube shi ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko kaza ba za ta yarda ta sha ruwa a ciki ba.

A gida an ɗauka wasan yara ne, zai wuce. Bai wuce ba. Na gama lise, wato babbar sakandare, a Yamai, na shiga karatun zane da sassaƙa, na sami tafiya ƙetare inda na ga tanderun da ake kunnawa da lantarki da magina masu digiri waɗanda ake tashi tsaye in sun shigo aji. Can ne na fara jin haushi na gaske. Matan da na baro a gefen garinmu sun fi da yawa daga cikinsu hannu, amma a garinsu ko gaisuwar kirki ba sa samu sai ranar da aka buƙaci randa. Abokan karatu suka ce in zauna can, ko aƙalla in tsaya a Yamai inda ake sayen irin aikina. Na ce gida zan koma. Ba don kirki na koma ba, taurin kai ne ya mayar da ni, kuma ban taɓa ɓoye haka ba.

Aka ba ni ajin zane a kolej. Abin da aka saba shi ne malami ya zana mangwaro a allo, yara su kwafa a takarda, a ba su maki. Ni kuwa na shigo da bokitin yumɓu. Na sa 'ya'yan ma'aikata da 'ya'yan 'yan kasuwa suka naɗe hannun riga suka cuɗa laka, suka ji yadda take numfashi in ta sha ruwa daidai. Na kai su wurin matan nan ranar gashi, suka ga yadda ake jera tukwane a kife, a lulluɓe su da kara da kashin shanu da ƙaiƙayi, a sa wuta ta gefen da iska ke fitowa. Iyaye suka yi ca. Wani ya zo har bakin ajina ya ce ya sa ɗansa lakwal, wato makaranta, don ya zama likita ne, ba don ya koma kwaɓa ƙasa ba. Na ce masa likitan da ya san yadda abu ke tsagewa da yadda ake ɗinke shi bai yi asara ba. Bai gamsu ba, ni ma ban janye ba. Darakta ya kira ni ofis ya yi mini nasiha mai tsawo, na saurara da ladabi, mako mai zuwa na shigo da bokiti biyu.

Baffa ya ji labari, ya same ni a tsakar gida gaban matan gidan duka.

"Ke wace irin ɗiya ta? An kai ki har ƙasat Turawa, ki rasa abin da za ki ɗauko sai sana'ar da ba ta gidanku ba? Kin ɓata muna suna bai ishe ki ba, sai kin ɓata ɗiyan mutane?"

Na ce, "Baffa, ruwan da kunka sha yanzu, cikin mi anka aje shi?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya tuna na girma. Baba yana zaune a gindin bango yana gyaran igiyar rijiya. Na dube shi, ina jiran kalma ɗaya, ko ta goyon baya ko ta zagi. Ya ci gaba da tufkarsa. Daga ranar aka kafa mini doka, ba a faɗa da baki ba amma kowa ya gane, in zan shigo gida in wanke hannu tun daga waje, kuma kada wani abin da na gina ya ƙetare zaure. Na taɓa kawo wa Inna tulu, sai ta baya aka shigar da shi ta kan darni, aka ce wa Baba a kasuwa aka saya.

Na kama wani fili kusa da gidajen magina na yi rumfa. Tsohuwar ta riga ta rasu, 'yarta ce ta gaji tabarmar, mace mai ƙarfi mai ƙarancin magana, sa'ar yayata. Da ita muka yi aiki. Ita ta fi ni sanin wuta, ni na fi ta rashin tsoron ɓata abu. A rumfar nan na yi duk haukan da na ga dama. Na huda tukwane na saƙa musu wuya da kaba. Na je Abala na zauna da matan Mali da yaƙi ya koro, na nuna musu bugun yumɓu, suka nuna mini yadda suke rina fata su yanka ta siriri, na dawo na ɗinke bakin randa da ita. Na je Tabla lokacin kaka na ɗauki sautin mata suna sussukar gero da wayata, na sa 'yar na'ura a cikin randa, in ka kara kunne a bakinta sai ka ji luguden taɓare na tasowa daga ƙasa. Mutanen unguwa suka ce madan ta sa aljanu a tukunya. Abokiyar aikina ta ce, "Randad da ba a zuba ma ruwa, mi a amfaninta?" Na ce mata ita ma waƙa ba a sha, amma ba ta taɓa yin daka ba tare da ita ba. Ta ce wannan kuma surutun 'yan lakwal ne, ta ci gaba da taya ni.

Mafi girman abin da muka yi su ne waɗansu randuna uku, kowacce ta kai mini ƙirji. Rani biyu suka ci. Ban huda su ba, na bar jikinsu sumul, na shafe su da jar ƙasar da ake kawowa daga wajen Damana, na goge da dutse har suna ɗaukar ido. Wuyansu kaɗai na yi wa saƙar kaba da fata. In ka ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ƙarar takan daɗe tana yawo a ciki kafin ta mutu. An gayyace ni in nuna aikina a Yamai bayan damina, su ne kuma zuciyar abin da zan kai. Ban taɓa yin abin da ya kai su ba, kuma na san hakan tun ranar da muka fito da su daga toka.

A tsakiyar daminar nan Baba ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na juyawa, ya kwanta, kafin hantsi ya cika. Ina rumfa ina rufe aiki da leda saboda hadari aka zo aka gaya mini. Na je gida, na shiga wurin Inna, na zauna cikin mata. Ban yi kuka ba. Abin da nake ji, haushi ne ko baƙin ciki, ban iya rabewa ba. Mutumin da nake jiran ya buɗe baki ya tafi da bakinsa a rufe.

Can sai aka ce Baffa na kirana a waje. Ya ja ni gefe, bayan rumbu, inda ba mai ji. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

A wurinmu in an haƙa kabari akan yi wani ƙaramin rami a cikinsa daidai jikin mamaci. In an kwantar da shi sai a rufe bakin ramin da itace ko da ɓarin manyan tukwane, a toshe kafofin da laka, sannan a tura ƙasa, don kada ƙasar ta faɗa masa. Gidanmu tun kakanni da tukwane ake rufewa, sun ce gara na cin itace kabari ya rufta. Ashe Baba ya daɗe da gaya wa Baffa cewa in ta Allah ta kasance, a yi masa yadda aka yi wa ubansu. To ga ranar ta zo. An aika kasuwa, babu sai robobi da tukwanen dalma. An aika gidajen magina, damina ce, ba wanda ya yi gashi tun saukar ruwa, abin da ya rage ƙananan tuluna ne da ba za su rufe ƙirjin babban mutum ba. Randunan gidanmu kuwa an daɗe da musanya su da durom na roba, Baffa da kansa ya sayo su yana alfahari. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ban gaya masa haka ba, ranar ba ta karin magana ba ce.

Ya ce, "Ɗiyata, an ce kina da manya guda ukku. Ki hiddo su ki aje bayan rumhwarki. Ni aika a ɗauka a bi ta bayan gari, a kai su can kai tsaye. Ba sai kowa ya san inda sunka hito ba."

Ban taɓa jin ya ce mini ɗiyata ba sai ranar. Na tsaya ina kallonsa. Ba na cewa Baba randunana ya nufa da wasiyyarsa. Wataƙila ko tunanina bai yi ba, ubansa kawai ya tuna. Ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira wa mamaci maganar da bai yi ba don in ji daɗi. Batun ba da su kuwa ko daƙiƙa ban yi shakka ba. Ubana ne. Da guda goma ne da na bayar. Abin da ya tsaya mini shi ne hanyar bayan gari.

Na ce, "Baffa, randunan na ubana na. Amma ta ƙohwar gidanai za su biyo."

"Ke, yau ma? Gawa na kwance kina wagga magana?"

"Yau ɗin dai. In ba yau ba, yaushe?"

Ban jira amsarsa ba. Na tafi rumfa. Abokiyar aikina ta riga ta ji, ta aro amalanken jaki ta shimfiɗa kara a ciki. Muka ɗora randunan mu biyu da taimakon matan unguwarsu, muka ɗaure. Ta ce za ta tsaya nan, ba ta saba zuwa ƙofar gidanmu ba sai ta baya. Na ce hannunta na jikin randunan nan kamar nawa, in ba ta zo ba ni ma ba na tafiya. Ta gyara lulluɓinta ta kama igiyar jakin. Muka bi ta babban titi, ta gaban masu shayi da masu gyaran babur, ta gefen kasuwa. Hadarin ya watse, rana ta fito, jar ƙasar nan tana ta ƙyalli. Duk wanda muka wuce sai ya juyo.

Ƙofar gidanmu cike take da maza, an shimfiɗa tabarmi har titi. An gama wanka da sutura, makara na cikin zaure, liman na zaune ana jiran masu haƙa su aiko. Muka tsayar da amalanke a tsakiyarsu. Baffa ya taso da sauri, yana magana ta cikin haƙora, ya ce in juya in bi ta baya, in bar maza su yi aikinsu. Na ce ba inda za ni. Na ce ni na gina su, ni zan raba su, a nan. Wani dattijo ya ce a ji tsoron Allah, ba a tsayar da gawa. Na ce gaskiya ne, don haka kada a tsayar da ni.

Liman, wanda ya girmi Baba, ya dubi randunan ya dubi rana. Ya ce, "Wa ag gina su?"

Ba ni ya tambaya ba, Baffa ya tambaya. Kowa a wurin ya san amsar, shi ma liman ya sani. Baffa ya dubi ƙasa, ya dubi zaure inda ɗan'uwansa ke kwance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Ɗiyar marigayi ta. Maginiya ta."

Liman ya ce, "To ku ba ta wuri."

Aka sauke su a kan tabarma. Na kwance saƙar wuyan na ajiye gefe. Na ɗauki ƙusa da 'yar guduma na bi jikin ta farko daga baki zuwa gindi ina ƙwanƙwasawa a hankali, na juya ta na bi ɗaya gefen. Da fari tana amsawa da ƙararta mai tsawo. Can ƙarar ta dushe, sai ta buɗe gida biyu a hannuna. Nan kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya zo. Ban rufe fuska ba, ban kuma tsaya ba. Ina kuka ina bugu, abokiyar aikina na riƙe mini, maza sun kewaye mu, har na gama da ta ukun.

Na ɗauki ɓarin farko, mai nauyi, na miƙa wa Baffa. Da akwai samari da yawa da za su karɓa, har wani ya matso. Na ƙi sakin shi sai ga Baffa. Ya karɓa da hannu biyu ya rungume a ƙirji, don ba a iya ɗaukarsa ta wata hanya. Sauran 'yan'uwana maza suka ɗauki ragowar. Aka yi salla, aka ɗaga makara, suka bi ta da ɓarin randunan a hannu, ta cikin gari.

Mata ba sa bin gawa. Na tsaya a bakin zaure har suka sha kwana, sannan na tattara wuyan kaba da fatar na shiga gida da su, ta ƙofa, na ajiye a ɗakin Inna.

Har yau akwai masu cewa na tsayar da gawar ubana a rana don neman suna. Baffa bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwar Salla, ita ma a taƙaice. Wasu iyaye sun cire 'ya'yansu daga ajin yamma da nake yi a rumfa, wasu kuma da ban zata ba suka kawo nasu. Zuwa Yamai na je da ƙananan abubuwa, masu gayyatar suka yi ta tambayar ina manyan da suka gani a hoto, na ce an yi amfani da su. In an tambaye ni ko na yi nadama, nakan ce da za a maimaita ranar, ta babban titin nan zan sake biyowa.

Abin da na nema daga bakin Baba ban samu ba, ba kuwa zan samu ba, wannan ciwon da shi zan mutu. Yayana ya gaya mini ɓarin sun zauna daram a bakin ramin, ko laka kaɗan aka sa. Ban taɓa ganin wurin ba, ba a barina in je. Amma yayana ya ce damina nawa ke nan ana ruwa, kaburburan da ke kusa da nasa duk sun lotsa, nasa yana nan yadda aka bar shi.